Katin Zanen Fure Ba Jabu Ba Ne

Idan aka ga katin gidan waya mai hoton zanen furanni a soke jikin madubin mai aski, ko a manne a ƙofar kabad ɗin wani ɗalibi da yayansa ya aiko masa daga Faransa, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutanenmu ita ce: "Ai wannan kwafi ne." A nan unguwar Milezi ta Njamena na sha jin ta, na kuma ji ta a bakin 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi, masu karatun boko da masu na allo baki ɗaya. Abin da ake nufi shi ne, tunda zanen asali yana can rataye a Paris, wannan 'yar takarda ba ta da wata daraja. Wanda ya saye ta an cuce shi, wanda ya ajiye ta kuma yana burga ne da kayan da ba nasa ba. Wasu sukan ƙara da cewa ko asalin ma me ke cikinsa, ba fure ba ne kawai?

Masu wannan magana ba jahilai ba ne, da yawansu ma sun haife ni. Sun ga jabun magani ya kwantar da yaro, sun ga jabun atamfa ta zuba tun wankin farko, shi ya sa da sun ji an ce kwafi sai ransu ya ƙi abin. Wannan tsantseni ne mai kyau, kuma da shi aka tsira daga cuta iri-iri a kasuwa. Ina dai ganin an sauke shi a inda ba muhallinsa ba.

Jabu da ƙarya yake rayuwa. Yana shigowa ne da sunan wani, ya karɓi kuɗin wani, ranar da aka gane shi kuma kasuwarsa ta mutu. To, a juya bayan katin a gani. Da ƙananan haruffa za a tarar da sunan mai zanen, da sunan zanen, da shekarar da aka yi shi, da faɗinsa da tsawonsa, da gidan adana zane-zanen da yake ciki yau. Katin da bakinsa yake cewa: ni ba shi ba ne, ga inda yake, ga wanda ya yi shi. A shagon gidan tarihi ana sayar da shi kan Yuro ɗaya ko biyu, wato abin da bai wuce sefa dubu da 'yan kai ba, alhali wani zanen bado na Claude Monet an sayar da shi a gwanjon Christie's na birnin New York a 2018 kan dala miliyan 84 da ɗoriya. Babu mai hankalin da ya taɓa biyan kuɗin wancan ya karɓi wannan. Ina cutar take?

Na yarda, kuma dole a yarda, cewa katin yana zubar da abubuwa da yawa a hanya. Faɗinsa bai wuce santimita 10 da rabi ba, tsawonsa kusan 15. Manyan zanen bado da Monet ya bar wa ƙasarsa, waɗanda ke zagaye da ɗakuna biyu a gidan Orangerie na Paris, tsayinsu mita 2 ne, in aka jera su kuma sun kai kusan mita 90. Mutum shiga cikinsu yake yi, ruwa a gabansa, ruwa a bayansa. Kati ba zai iya wannan ba. Haka kaurin fenti, inda buroshi ya bar tudu da kwari har haske ke maƙalewa a kai, a kati duk ya zama sumul. Launin ma yakan kauce kaɗan. Wanda ya ari gilashin ƙara girma na mai gyaran waya ya ɗora a kan katin zai ga abin mamaki: babu kore, babu ruwan hoda, babu shunayya. Ɗige-ɗige ne ƙanana na tawada huɗu kacal, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, an jera su kusa da juna, ido ne ke haɗa su daga nesa ya ga ganye da fure. Duk wanda ya ce kati daidai yake da asali ya yi kuskure.

Sai dai tambayar da ya kamata mu yi ita ce: wa ke da zaɓi tsakanin kati da asali? Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar shiga Turai Yuro 90 ne, kusan sefa dubu 59, kuma in an hana mutum ba a mayar masa. Ba a zo maganar jirgi da masauki ba. Yarinyar da ke aji biyar a makarantar firamare ta Milezi, da telan da ke ɗinki a Farsha, da mai lalle a unguwar Mardjandaffack, zaɓinsu tsakanin kati ne da rashin gani ɗungurungum. Wanda ya ce musu su jefar da kati domin ba asali ba ne, ba asalin zai ba su ba.

Kuma akwai abin gani a ciki, har ga mu fiye da wasu. Furen da Monet ya fi zanawa, wanda ya fi yawa a kan waɗannan katuna, bado ne. Badon nan dai da muka sani, wanda ke rufe fuskar tafki da kududdufai bayan damina a gefen kogin Shari, da bakin tafkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru. Mun san ganyensa mai faɗi kamar faifai a kwance kan ruwa, da tsagar da ke tafiya daga gefe zuwa cibiya. Mun san farin furensa da ke buɗewa da dare ya rufe kafin rana ta take. Iyayenmu sun san shi fiye da haka, domin a shekarun yunwa an nutsa an tono saiwarsa an dafa, an kuma tara 'ya'yansa an daka. Monet bai san bado ta wannan fuska ba. Ya tare a ƙauyen Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, a 1893 ya ƙara sayen wani fili ya haƙa tafki, ya janyo ruwa daga wani ƙaramin rafi. Manoman ƙauyen sun kai ƙorafi, suna tsoron baƙin tsirrai su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Ya samu izini, ya dasa badonsa, sannan ya zauna bakin tafkin nan kusan shekara talatin yana zana shi, har ya bar zane wajen 250 na abu guda.

Me mutum zai nema a tafki ɗaya har sau 250? A nan ne katin ke da abin koyarwa. Monet da abokansa, irin su Renoir da Berthe Morisot da Pissarro, sun ƙi zama cikin ɗaki suna zana abin da aka haddace. Tun da wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun dalma na matse fenti a 1841, ya zama mai zane na iya zuba kayansa a jaka ya fita fili. Suka fita, suka lura cewa abu ba ya da launi ɗaya tsayayye: haske ne ke ba shi launi, haske kuwa ba ya tsayawa. Inuwa ba baƙa ba ce, wani lokaci shuɗiya ce, wani lokaci ruwan makuba. Sai suka riƙa ɗora fenti gunduwa-gunduwa da sauri kafin rana ta gusa, ba sa tsayawa shafe shi ya yi laushi. Da suka baje kolin aikinsu na farko a watan Afrilun 1874, a tsohon ɗakin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar, wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi musu ba'a da cewa aikin bai ƙarasu ba. Daga ba'ar tasa sunan Imfireshonis ya bi su har yau.

A riƙe katin bado a tsawon hannu a duba da kyau. Ba a ga gaɓar tafki, ba a ga sararin sama. Amma sama tana nan, a kife cikin ruwa: farin girgije tsakanin ganye biyu, inuwar bishiya tana saukowa kamar za ta nutse. Abu uku ne a wuri ɗaya, abin da ke kan ruwa, da abin da ruwa ya ɗauko daga sama, da duhun da ke ƙarƙashi. Masuncin da ke fita da kwalekwale daga gaɓar Milezi ya san wannan tun yana yaro. Ya san ruwan hantsi daban, na la'asar sakaliya daban, ya san yadda ƙurar hunturu ke mayar da kogi fari fat har gaɓar Kamaru ta ɓace. Abin da bai saba ji ba shi ne cewa wannan sanin nasa abu ne da wani ya ba wa rayuwarsa, kuma duniya ta girmama shi a kai. Na taɓa nuna irin wannan kati ga wani dattijo masunci. Ya jujjuya shi, ya matsar da shi nesa da idonsa, ya ce: "Ɗana, wannan mutumin ya zauna bakin ruwa da gaske. Wannan ruwan yamma ne." Na ce: "Baba, ta yaya ka gane?" Ya sa yatsa a kan wani jan tabo tsakanin ganyayyaki, ya ce rana ce ke shirin faɗuwa. Bai tambaye ni ko asali ne ko kwafi ba.

Shi kansa Monet ɗin, da kwafi ya buɗe ido. Wanda ya shiga gidansa a Giverny zai tarar da bangon ɗakin cin abinci da na matakala cike da hotunan bugu na ƙasar Japan fiye da 200, aikin su Hokusai da Hiroshige da Utamaro. Waɗannan ba zane ne guda tilo ba. A kan katako ake sassaƙa su a buga ɗaruruwa, a sayar wa talakan birni da araha. Monet bai taɓa taka ƙasar Japan ba. Daga waɗannan takardu ya koyi yanke hoto ta gefe, da kallon abu daga sama, har gadar da ya gina a kan tafkinsa irin tasu ce. Da wani ya hana shi su da hujjar cewa bugu ne, da babu zanen badon da ake tinƙaho da asalinsa yau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan raini ya fito daga bakin Bahaushe, wanda ya fi kowa sanin darajar kwafa. Ba ina haɗa littafin Allah da zanen ɗan Adam ba, nesa ba kusa ba. Ina magana ne kan aikin hannu kawai. Alaramma yakan shafe watanni yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara, yana zayyana a kan rubu'i da sumuni da ja da rawaya da kore. Irin wannan kwafi na hannu mai kuɗi ne ke iya saye. Da aka fara ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari na Kano ana bugawa a maɗaba'a, sai gardi da ƙolo a tsangayun Kano da Damagaram da Maiduguri da nan Njamena suka sami kyakkyawan rubutu a hannunsu, suna dubawa suna gyara nasu. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan bugu jabu ba. Kowa ya san na hannu ya fi tsada da daraja, kowa kuma ya san bugun ne ya kai hannun gwani inda ƙafarsa ba ta je ba.

Ko a ɗakin iyayenmu mata ma maganar ke nan. Jeren kwanukan samira da langa da fanteka da aka yi wa amare shekara da shekaru, me ke jikinsu in ba furanni ba? Jan wardi, shuɗin ganye, an fesa su da inji ta cikin ƙarfen da aka huda, dubu bisa dubu, da farko daga Turai da Hong Kong, daga baya daga masana'antun Kano. Babu uwar da ta ce a fitar mata da su domin ba hannu ne ya zana ba. Renoir kuwa, abokin Monet, da zanen fure a jikin faranti ya fara neman abinci yana ɗan shekara goma sha uku, a wani kamfanin tangaran na Paris, har inji ya zo ya karɓe aikin. Tsakanin furen kwanon kakata da furen da ke rataye a gidan tarihi akwai zumunci fiye da yadda masu raina ɗayan ko ɗayan suke zato.

Akwai kuma masu ƙyamar katin ta fuskar addini, suna cewa hoto ne. Wannan ya kamata a amsa shi da ladabi, kuma malamai sun fi ni sanin zurfinsa. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne wani mutum mai cin abinci da yin hotuna ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, aka faɗa masa gargaɗin da ya zo kan masu surantawa, hankalinsa ya tashi, sai Ibn Abbas ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan wannan ne Musulmi daga Andalus zuwa Istanbul zuwa Indiya suka cika bangon masallatai da bangon littattafai da ganye da fure. Cikin duk abin da masu zanen Turai suka bari, zanen fure da ruwa shi ne wanda ya fi sauƙin shiga gidan Musulmi ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta masu cewa: muna fama da abin da za a ci, kana kawo mana fure? Wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa unguwannin bakin kogi a Njamena, ya ga iyalai a ƙarƙashin tamfol da tabarma ɗaya da tukunya, ba zai yi wa wannan magana dariya ba. Kati ba ya tsare ruwa, ba ya cika tukunya. Amma ban yarda cewa talaka sai ya ƙoshi sannan idonsa ke da haƙƙi ba. Matar da ruwa ya ci ɗakinta, ranar sunan jikarta sai ta nemi lalle. Mai a-kori-kura da bashi ya yi wa katutu yana biyan mai fenti ya zana masa fure a ƙofar mota. Su ma manyan zanen badon nan ba cikin jin daɗi aka yi su ba. Matar Monet ta rasu a 1911, babban ɗansa Jean ya bi ta a farkon 1914, yanar ido ta fara rufe masa gani, yaƙin duniya na farko ya ɓarke aka tafi da ƙaramin ɗansa Michel fagen daga. A wannan hali tsohon ya gina babban ɗakin aiki ya ci gaba da zana tafkinsa. Washegarin tsagaita wuta, 12 ga Nuwamban 1918, ya rubuta wa abokinsa Georges Clemenceau, shugaban gwamnati, cewa yana so ya ba ƙasa kyautar zane. Ya rasu a Disamban 1926, aka buɗe ɗakunan a Mayun 1927.

Inda nake tare da masu zargi ɗari bisa ɗari shi ne tarihin katin kansa a ƙasashenmu. An fara katin gidan waya a daular Ostiriya a 1869, aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern a 1874, shekarar da su Monet suka fito. Kafin a jima Turawan mulkin mallaka sun mayar da shi makami. Edmond Fortier, mai ɗaukar hoto a Dakar, ya buga dubban katuna na Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na ashirin, da yawansu na 'yan mata ne da aka tsayar ba mayafi domin idon baƙi. Wannan gari namu na Njamena ma, tun yana Fort-Lamy bayan yaƙin Kusiri na 1900 da Rabe ya faɗi a cikinsa, har aka sauya masa suna a 1973, an yi ta aika hotunansa Faransa, kuma waɗanda ke cikin hoton ba a rubuta sunansu. Wanda kakarsa ta shiga irin wannan kati yana da dalilin tsuke fuska. Amma laifin na mai riƙe da kyamara ne da mai maɗaba'a. Katin bado bai tuɓe kowa ba.

Abin da ya rage mana shi ne mu karɓe maɗaba'ar. Aikin Monet ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka. Gidan tarihin Metropolitan na New York tun 2017 ya saki hotunan dubban ɗaruruwan ayyukan da ke hannunsa a intanet kyauta, kowa ya sauke ya buga. Gidan zane na Chicago ya bi sahu a 2018. Ke nan mai buga katin biki a kasuwar Njamena, wanda injinsa ke fitar da katin ɗaurin aure kullum, yana iya buga wa makarantu waɗannan zane ba tare da ya saci haƙƙin kowa ba. Malamin aji ya raba wa yara, ya sa a tsinko masa ganyen bado na gaske daga kududdufi, ya ce su duba wannan su duba wancan, sannan su zana nasu.

Kuma kada a tsaya kan na Faransa. Zanen da ke jikin duwatsun Ennedi, da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, 'yan Chadi nawa ne suka yi tafiyar kwanaki cikin hamada suka gan shi da ido? Mafi yawanmu a hoto muka san shi. Zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano kullum raguwa yake, siminti na cinye shi. A Gawi, ƙauyen Kotoko da ke nan bayan gari, mata suna yi wa bangon gidaje ado da launin ƙasa, ruwan sama ya wanke, su sake. Waɗannan duka suna buƙatar kati mai kyau, a takarda mai kauri, da launi na gaskiya. Sharaɗina ɗaya ne ga duk wanda zai buga: ya je wa matar da ta yi zanen ya nemi izininta, ya rubuta sunanta da garinta da shekarar a bayan katin kamar yadda ake rubuta na Monet, kuma ya ware mata kasonta a kan kowane ɗaya da aka sayar.